Shekara nawa ya kamata keke ko mota su yi? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa tara kuɗi ya sayi abin hawa, mai taya biyu ne ko mai huɗu, akwai ranar da zai tsaya ya ƙare masa kallo, ya ce a ransa: ko wannan zai kai ni ina? Wani tun kafin ya saya yake wannan tunani, wani kuma sai ranar da bakanike ya yanka masa kuɗin gyara. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu. Wasu amsarsu layi biyu ce, wasu kuwa sai an zauna.

A taƙaice, shekara nawa?

Keke mai firam na ƙarfe, in ba a bar shi yana kwana cikin ruwan sama ba, kuma ba a yi karo da shi ba, bai kamata ya gaza shekara 30 ba, kuma ba abin mamaki ba ne ya kai 50. A ganina keke abin gado ne. Uba ya hau, ɗa ya hau, jika ma ya samu.

Mota kuwa, irin wadda ake ƙerawa yanzu, ya kamata ta yi shekara 15 zuwa 20, ko ta ci kilomita 250,000 zuwa 300,000, ba tare da an sauke injinta ba. Lissafin ba wuya: mai yin kilomita 15,000 a shekara zai cika 300,000 a shekara ta 20. A Amurka matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi ya haura 12, haka ma a ƙasashen Tarayyar Turai. Tun da matsakaici ke nan, an haɗa har da waɗanda aka fitar daga kamfani jiya, ka ga akwai miliyoyin motoci da suka wuce haka nesa ba kusa ba, kuma kullum suna kai masu su wurin aiki.

Me ake nufi in an ce mota ta mutu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, ko da yake ba a cika yin ta ba. Da wuya ka ga motar da ta lalace gaba ɗaya rana ɗaya, in ba haɗari ko gobara ba. Mota tarin dubban sassa ce, kowane da nasa wa'adin. Akwai waɗanda tun asali an yi su ne don su cinye a canza: taya, birki, batir, fulogi, filta, kuloci, shokazoba, bel. Akwai kuma ƙashin bayanta: bodi da shasi, inji, da giya. In na farkon sun ƙare, mota ba ta tsufa ba, aikinta ta yi. Sai in ƙashin bayan ya taɓu ne za a fara maganar tsufa.

Abin da yakan faru shi ne, mai mota ya yi ta ɗage ƙananan gyare-gyare. Yau ƙara a ƙafar gaba, a ce bari sai wata ya yi. Gobe ɗigon mai, a ce ai kaɗan ne. Bayan shekara uku sai abubuwa goma su haɗu, a yi jimilla, kuɗin ya fi darajar motar a kasuwa, sai a ce ta mutu. Gaskiyar magana ita ce yanke mata ƙauna aka yi. Dubi Kuba: motocin Amurka na shekarun 1950 har yau suna yawo a titunan Habana, babban birninta, saboda takunkumin da aka sa wa ƙasar tun farkon shekarun 1960 ya hana shigo da sababbi daga can. Da babu wata mafita, kanikawansu suka yi ta dasa injina, suna sassaƙa kayan gyara da hannu. 'Yan'uwan waɗannan motoci da suka zauna a Amurka tuni aka narkar da yawancinsu. Ƙarfe ɗaya ne, kamfani ɗaya. Shawarar masu su ce ta bambanta.

Haka keke. Keken da aka jingine a bayan gida wai ya gama yayi, sau da yawa abin da yake buƙata bai wuce sarƙa, tayoyi biyu, wayar birki da ɗan giris ba.

Wanne ya fi tsufar da mota, shekaru ko maleji?

Kowanne da abin da yake ci. Maleji yana cin abin da ke juyawa da gogayya, shekaru kuma suna cin roba, mai, fenti da ƙarfe ko da motar tana tsaye. Amma ba duk kilomita ne daidai ba. Mafi yawan cinyewar inji yana faruwa ne a mintunan farko bayan an tayar da shi da sanyi, kafin mai ya zagaya ko'ina, kafin ƙarafa su ɗauki zafin da aka auna su da shi, wajen digiri 90. Motar da ke yin doguwar tafiya a kan titi mai kyau, a tayar da ita sau ɗaya ta yi kilomita 300, ta fi hutawa a kan wadda ake tayarwa sau takwas a yini ana yin kilomita biyu-biyu.

Akwai wani abu da mutane ba su sani ba: duk litar fetur da inji ya ƙona tana haifar da kusan litar ruwa, a matsayin tururi. In inji ya yi zafi sosai, tururin yakan fice ta salansa. In kuwa gajeruwar tafiya ce, wani ɓangare yakan koma ruwa a cikin salansa ya cinye ta daga ciki, wani kuma ya gauraya da baƙin mai. Shi ya sa nake gaya wa masu neman mota ta hannu kada ƙarancin maleji ya ruɗe su. Mota mai shekara 12 da kilomita 40,000 tana iya fin mai 180,000 matsala.

Gaskiya ne motocin da sun fi na yanzu ƙarko?

Rabin gaskiya ne. Motocin da sun fi sauƙin gyara, wannan babu musu. Ka buɗe bonet ka ga inji a fili, hannu yana shiga ko'ina, da sifana da sukudireba an gama. Amma a batun tsawon rai, na yanzu sun fi. Malejin yawancin motocin shekarun 1960 lamba biyar ne kawai, in ya kai mil 99,999 sai ya koma sifiri, domin masu ƙerawa ba su sa ran da yawansu za su wuce nan ba. Tsatsa takan huda bodi kafin shekara 10 a ƙasashe masu sanyi. Abubuwa da dama suka canza haka: daga shekarun 1980 kamfanoni suka riƙa lulluɓe ƙarfen bodi da tutiya don hana tsatsa, aka bar kafireta aka koma injekta mai auna fetur daidai, baƙin mai ya inganta, aka kuma daina zuba dalma a fetur, wanda aka kammala a duniya baki ɗaya a 2021. A da fulogi ba ya wuce 'yan dubban kilomita goma-goma, yanzu akwai mai kai 100,000.

Me ya sa to muke ganin na da sun fi? Domin waɗanda muke gani su ne suka tsira. Tsohuwar mota ɗaya da ke wucewa tana sheƙi muke kallo, ba ma ganin dubun da suka ruɓe tun shekara 30 da suka wuce.

Inda na yanzu suke da rauni shi ne kayan lantarki da roba. Na'urar kwamfuta ɗaya ta ƙone, babu wanda zai yi mata walda, sai dai sabuwa, in kuma kamfani ya daina yin ta, mota lafiyayya sai ta zauna.

To, me ke kashe mota a zahiri?

Abu huɗu, kuma uku daga ciki a hannun mai mota suke.

Na farko tsatsa. Ita ce ba ta da magani in ta yi nisa. Inji ana sakewa, giya ana sakewa, amma in tsatsa ta ci inda ƙafafun mota suka kama shasi, ko ƙasan ƙofofi, to gida ne harsashinsa ya zube. Gishiri shi ne babban abokinta: wanda ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara a Turai da arewacin Amurka, da kuma iskar bakin teku. Laka ma da ta maƙale a kwarin taya tana riƙe da danshi wata da watanni. Wanke ƙarƙashin mota ya fi goge samanta amfani, amma saman muke gogewa domin shi ake gani.

Na biyu zafi. Kan injin yawancin motocin yanzu na alminiyam ne, tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa shi, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. In allurar zafi ta haura, ka tsaya nan take, kada ka ce bari in ƙarasa gida. Kuma kada a riƙa ɗura wa lagireto ruwa zalla. Ruwan sanyaya inji na musamman yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, kuma yakan gaji bayan shekara 2 zuwa 5, gwargwadon irinsa. Masu cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, wai don kada inji ya yi zafi, suna jawo inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya kuma cinye da wuri.

Na uku baƙin mai. Yi wannan lissafin: motar da ta ci kilomita 300,000, in matsakaicin gudunta 50 ne a awa, ta yi awa 6,000 tana aiki. In inji yana juyi 2,000 a minti, ya juya sau miliyan 720. Abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe a duk wannan juyi shi ne shimfiɗar mai da ba ta kai kaurin gashi ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya daina wasa da lokacin juye. Littafin mota yana faɗin tazara, yawanci tsakanin kilomita 5,000 da 15,000, amma ka duba shafin da ya yi maganar aiki mai tsanani. Ƙura, cunkoso, tsananin zafi, gajerun tafiye-tafiye da ɗaukar kaya duk a can suke, kuma tazarar takan ragu kusan rabi. Yawancinmu a wannan shafin muke, ko da ba mu sani ba. Man giya ma haka: ko an ce maka na har abada ne, mai yana gajiya, canza shi a tsakanin kilomita 60,000 da 100,000 ya fi sayen giya sauƙi.

Na huɗu haɗari, wanda ba kullum yake hannunka ba.

Mene ne wannan bel ɗin tayimin da ake ta tsoratar da mutane da shi?

Bel ne na roba mai haƙora da ke daidaita lokacin buɗewar bawul da motsin fistin. A injina da yawa, bawul da fistin wuri ɗaya suke ratsawa, lokaci ne kawai ya raba su. In bel ya tsinke, sai su yi karo.

Ni kaina na sha wannan. Na sayi mota ta hannu, mai ita ya ce an canza bel, na yarda ban nemi shaida ba. Wata safiya ina tafiya a hankali, ko gudu ba na yi, sai na ji wani ɗan ƙas, kamar an karya busasshen kara, inji ya ɗauke. Na murza makulli, sai ya riƙa juyawa fayau, da sauri, babu nauyi. Da aka buɗe, bakanike ya zaro bel ɗin ya miƙo mini. Haƙora kusan goma sun zube, bayansa duk ya tsattsage kamar tafin ƙafa da hunturu. Sannan ya jera mini bawul takwas a kan tsumma, kowanne ya karkace wuya. Da na canza shi tun ranar da na sayi motar, da ko kashi ɗaya cikin biyar na abin da na kashe ban kashe ba.

Yawancin kamfanoni suna cewa a canza shi tsakanin kilomita 100,000 da 160,000, wasu ƙasa da haka, ko bayan shekara 5 zuwa 7, duk wanda ya riga zuwa. Ba ya gargaɗi. Wasu injinan sarƙa gare su maimakon bel, ita takan daɗe, amma rayuwarta tana rataye ne da tsabtar mai.

Akwai motar da ta taɓa cin kilomita miliyan?

Akwai, har fiye. Wanda ya fi shahara shi ne Irv Gordon, wani malamin makaranta a jihar New York, wanda ya sayi Volvo P1800 sabuwa a 1966. A 2013 ya cika mil miliyan 3 da ita, kuma kafin rasuwarsa a 2018 ta wuce kilomita miliyan 5. An sake ɗaure injinta a tsawon wannan lokaci, an canza sassa ba iyaka. Abin da ya yi ba sirri ba ne: mutum ɗaya ke tuƙa ta, tafiyarsa doguwa ce, yana bin littafin mota, kuma ba ya barin ƙaramar matsala ta kwana.

A ɓangaren keke akwai Heinz Stücke, Bajamushe, wanda ya bar gida a 1962 ya yi kusan shekara 50 yana zaga duniya, ya taka fiye da kilomita 600,000, mafi yawansu a kan keke ɗaya mai nauyi, mai giya uku. Firam ɗin ya sha karyewa, ana yi masa walda a duk ƙasar da ya samu kansa. Wannan ita ce falalar ƙarfe.

A keke, me ke fara ƙarewa?

Sarƙa. Kuma a nan ne mutane suka fi tafka asara ba tare da sun sani ba, domin sarƙa ba ta ƙarewa ita kaɗai, sai ta ja wasu.

Tazarar kowace ƙusa da ta kusa da ita a sarƙar keke rabin inci ce cif, wato milimita 12.7. Da tafiya ta yi tafiya, ƙura da yashi suna shiga gaɓoɓin, su haɗu da mai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, ƙusoshin su cinye, sarƙa ta ƙara tsawo. Da zarar ta ƙara tsawo, ba ta zama daidai a haƙoran firiwil, sai ta fara sassaƙe su. Ka duba haƙoran tsohon keke, za ka ga sun yi tsini sun karkata gefe guda kamar ƙaya. In an kai nan, ko ka sa sabuwar sarƙa tsalle za ta riƙa yi, dole a canza duka.

Gwajin ba ya buƙatar komai sai rula. Ka taka feda kaɗan don sarƙa ta miƙe, ka ɗora sifirin rula a tsakiyar wata ƙusa, ka duba inci 12. A sabuwar sarƙa, layin zai faɗa tsakiyar wata ƙusar daidai. In ƙusar ta zarce layin da kusan milimita 1.5, lokacin canji ya yi. In ta zarce da 3, ta riga ta yi ɓarna. Sarƙar keke mai giya da yawa takan yi kilomita 3,000 zuwa 5,000, ta keke mai giya ɗaya, da yake ta fi kauri kuma ba ta karkacewa, takan fi haka sosai. Wanda ke canzawa a kan lokaci zai ci sarƙa biyu ko uku a kan firiwil ɗaya.

Wajen sa mai, kaɗan ya fi yawa. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda baya, a goge na waje tas da tsumma. Man da ke ciki shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira.

Bayan sarƙa sai robar birki, tayoyi, wayoyin birki da na giya, sannan boris na ƙafafu, na wuya da na gindin feda, waɗanda wanki da sabon giris sau ɗaya a shekara ya ishe su. In birkinka irin mai matse rim ne, ka sani rim ɗin ma yana cinyewa. Ka shafa gefensa da yatsa, in ka ji ya yi kwari, a canza kafin iskar taya ta fasa shi.

Ƙarfe, alminiyam ko kabon, wane firam ya fi daɗewa?

Ƙarfe da titaniyam (wani irin ƙarfe mara nauyi) suna da wata baiwa: in nauyin da ke lanƙwasa su bai wuce wani mizani ba, za su iya jurewa kusan ba iyaka. Alminiyam ba shi da wannan mizani, kowace jijjiga tana rage masa wani abu komai ƙanƙantarsa, shi ya sa ake yin bututunsa da kauri. Wannan ba ya nufin zai karye gobe. Firam mai kyau na alminiyam yana yin shekara 15 ko 20 lafiya lau. Sai dai in ya tsage, gyaransa da wuya, domin bayan walda yana buƙatar a sake gasa shi a masana'anta. Ƙarfe kuwa duk inda akwai mai walda an samu mafita, abokin gabarsa tsatsa ce kawai, musamman ruwan da ke shiga ta bututun sirdi ya kwanta a ƙasa.

Kabon, wato zaren kabon da aka ƙame da wani irin gam, ba ya tsatsa, ba ya gajiya da wuri, amma ba ya son duka. Yana iya faɗuwa a kan dutse ya tsage daga ciki, fenti yana nan sumul. Don tsere ba shi da na biyu. Don keken da za a jingina a ko'ina, a ɗora masa kaya, a bar wa ɗa, ni ƙarfe zan zaɓa.

Kowane iri ne, ka riƙa goge firam kana duba wuraren haɗi, musamman ƙarƙashin wuya da gindin feda. Siririn layi a fenti da bai tafi da goge ba, kada a hau sai an bincika.

Keke mai araha zai yi ƙarko?

Ya danganta da irin arahar. Keke mai sauƙin ƙira, giya ɗaya, ba kwalliya, yana iya zama mai araha kuma ya yi shekaru, domin fasalinsa bai yi nisa da wanda John Kemp Starley ya fitar a Ingila a 1885 ba, kuma babu abin lalacewa da yawa a jikinsa. Wanda nake gudu shi ne mai arahar da ke kwaikwayon mai tsada: giya 21, shokazoba gaba da baya, birki mai faifai, duk a kuɗi kaɗan. An raba kuɗin ne gida goma, kowane gida ya samu abin da bai isa ba. Ƙusoshinsa laushi gare su, giyarsa ba ta zama a saiti, kuma sau da yawa ba a yi sassan don a kwance a gyara ba. Araha ba ta ado.

Keke da mota masu lantarki fa?

Injin lantarki sassansa masu motsi kaɗan ne, babu juye, babu fulogi, babu bel. Tambayar duka tana kan batir. Yawancin kamfanonin mota suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, cewa batir ba zai sauka ƙasa da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa ba. Batir ba ya mutuwa farat ɗaya, tazarar da yake kaiwa ce take raguwa a hankali. Na keke yakan ɗauki cikakken caji 500 zuwa 1,000 kafin rauninsa ya bayyana. Abin da ke tsufar da su ɗaya ne: zafi, barin su cike maƙil kwana da kwanaki, ko barin su a ƙare ƙarƙaf. In za a ajiye, a bar shi wajen rabi, a inuwa.

Damuwata a kan keken lantarki ba batir ɗin kansa ba ce, samunsa ne bayan shekara 8. Kowane kamfani da siffar nasa, in ya daina yi, firam lafiyayye ya zama kaya. Kafin ka saya, ka tambayi wannan.

Shin kamfanoni da gangan suke yin kaya don su lalace?

An taɓa yi, kuma a rubuce yake. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki suka haɗa baki suka ƙayyade ran ƙwai a awa 1,000. A harkar mota salon ya bambanta: a shekarun 1920 General Motors ƙarƙashin Alfred Sloan ya fara sauya fasalin mota kowace shekara, don mai ta bara ya ji tasa ta tsufa alhali lafiyarta ƙalau. Faransa ta mai da gajarta ran kaya da gangan laifi a dokarta a 2015, Tarayyar Turai kuma ta amince da dokar 'yancin gyara wasu kayayyaki a 2024.

A yau ban ɗauka injiniya yana zama ya tsara ranar mutuwar mota ba. Abin da ake yi shi ne a auna kowane sashe ya wuce garanti da ɗan rata, a mafi ƙarancin kuɗi. Sakamakon dai kusan ɗaya ne. Sai kuma a rufe sassa yadda ba a buɗewa, a ɗaure gyara da kwamfutar kamfani. Da aka rufe layin sadarwa na 3G a Amurka a 2022, motoci da yawa da ba su kai shekara 10 ba suka rasa wasu ayyukansu, har da kiran agaji in an yi haɗari. A keke ma ana ta sauya girman taya da faɗin sarƙa, har samun kayan na shekara 15 baya ya fara wuya. Wannan yana ci mini rai, domin keke shi ne abin hawan da kowa zai iya gyarawa da hannunsa, bai kamata a ƙwace wa mutane wannan ba.

Doka ma tana yanke wa mota kwana. A Singafo takardar izinin mallakar mota ta shekara 10 ce, sai an sake biya. A Japan binciken lafiyar mota yana farawa a shekara ta 3, sannan duk bayan shekara 2, kuma tsadarsa na sa mutane rabuwa da motoci masu sauran ƙarfi. A 2009 gwamnatin Amurka ta biya mutane suka miƙa tsofaffin motoci kusan 700,000, aka kashe injinansu da gangan.

In na ajiye ba na hawa, zai fi daɗewa?

A'a. Zama yana kashe mota. Batir ya sauka, fetur ya lalace cikin watanni, robobi su bushe, birki ya kama, ɓeraye su ci waya. A fita da ita ko sau ɗaya a mako biyu, a yi tafiyar da za ta kai rabin awa. Man birki yana shan danshi daga iska ko ana hawa ko ba a hawa, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. Taya ma tana tsufa a tsaye: a gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta kai shekara 10 a cire ta ko da zanenta bai goge ba, wasu kamfanonin mota ma 6 suke cewa.

Keke ya fi haƙuri da ajiya. A rataye shi a inuwa inda ba danshi, shi ke nan.

Yaushe ya dace in haƙura in rabu da ita?

Mutane sukan ce in kuɗin gyara ya fi darajar mota, a sayar. Ban cika yarda da wannan ma'auni ba. Abin da ya kamata ka kwatanta shi ne kuɗin gyaran da abin da za ka kashe ka samu wata da ka amince da ita kamar wannan. Motar da ka san tarihinta, ka san an canza mata bel da kuloci bara, ta fi maka daraja a kan abin da kasuwa za ta ba ka.

Amma akwai inda ba na jayayya. In tsatsa ta ci shasi, in an taɓa yin mummunan haɗari aka miƙe ta da zafi, in kayan gyaranta sun ɓace, ko in ta kai ba ka iya ɗaukar iyali a cikinta da kwanciyar hankali, to lokaci ya yi. Akwai kuma batun kariya, wanda gyara ba ya kawowa. Bel ɗin kujera mai maɗauri uku ya fito ne a 1959 daga Volvo, gwajin karo na Euro NCAP, wato shirin auna kariyar sababbin motoci a Turai, ya fara a 1997, na'urar hana mota sulɓewa ta zama dole a sababbin motoci a Amurka daga 2012, a Turai daga 2014. Motar 1990 komai lafiyarta ba za ta kare ka kamar ta 2015 ba. Mai ɗaukar yara kullum a babbar hanya ya sa wannan a ma'auni, ya ba shi nauyi.

Zan sayi na hannu, ta yaya zan gane sauran kwanansa?

Ka je da safe, ka roƙi kada a tayar da motar kafin ka iso, ka taɓa bonet ka tabbatar da sanyi. Inji mai sanyi ba ya ɓoye komai: ka saurari ƙara a daƙiƙun farko, ka dubi hayaƙi. Shuɗi yana nufin tana cin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan ta yi zafi yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. Buɗe murfin mai ka duba cikinsa. Ɗaga darduma ka taɓa ƙasa ko da danshi. Sannan ka durƙusa da tocila, ka danna ƙasan ƙofofi da shasi da sukudireba, ƙarfe mai lafiya ba ya nutsewa. Ka kwatanta maleji da yadda robar feda da sitiyari da kujerar direba suka cinye, domin ana juya lamba amma ba a cika tunawa da waɗannan ba. Ka nemi takardun sabis, in babu shaidar an canza bel, ka ɗauka ba a canza ba, ka sa kuɗinsa cikin ciniki.

In keke ne, ka tsaya a gabansa ka saiti ido, tayar gaba da ta baya su hau layi ɗaya. Shafa ƙarƙashin bututun da ke bayan wuya, in ka ji ƙulli ko fenti ya tattare, an yi karo da shi. Kama kowace taya ka girgiza gefe da gefe ka ji ko boris ya yi sako-sako. Ka kwance sirdi ka gwada ɗaga shi, domin wanda tsatsa ta liƙe a firam yana iya cin yini guda bai fita ba. Sannan ka fito da rularka ka auna sarƙa.